Goma a Tafin Hannu: Koya wa Yara Tarawa da Duwatsun Ado



Akwai wata bajinta da iyaye ke son nuna wa baƙi. A kira yaro ɗan shekara huɗu, a ce masa, "Zo ka ƙirga wa Kawu." Yaro ya tsaya ƙyam, ya rero lambobi daga ɗaya har hamsin, galibi ma da Turanci, ko tuntuɓe babu. Kawu ya ce, "Masha Allah, wannan ai likita ne," ya sa hannu a aljihu. To bayan an gama yabo, a zuba wa yaron nan dabino bakwai a faranti, a tambaye shi nawa ne. Sau da yawa sai ka ga bakinsa ya riga yatsansa: baki ya kai tara, yatsa yana kan na shida. Wani kuma zai ƙirga daidai har bakwai, amma da ka ce, "To nawa ke nan?" sai ya sake komawa ɗaya, saboda bai riga ya gane cewa lambar da ya faɗa daga ƙarshe ita ce adadin dabinon gaba ɗaya ba.

Kada a yi wa yaro tsawa a kan wannan. Hadda daban, sanin adadi daban. Wasu masana halayyar yara biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun yi bayani tun a 1978 cewa ƙirga ta gaskiya tana buƙatar yaro ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya bi jerin lambobin ba tare da ya sauya shi ba, sannan ya san lambar ƙarshe ita ce jimla. Mu kuwa, da yaro ya iya rerawa, sai mu miƙa masa fensir da littafi mu ce ya tara uku da huɗu. Gini ne aka ɗora ba a haƙa tushe ba.

Sharhinmu na yau a kan wata hanya ce ta haƙa tushen nan a cikin gida, da duwatsun ado, irin waɗanda ake jerawa a zare a yi abin wuya. Hanyar ta yi suna ne ta hannun Maria Montessori, wata likita 'yar ƙasar Italiya da aka haifa a 1870, ta rasu a ƙasar Holan a 1952. Ta fara aiki ne da yara masu raunin fahimta, inda ta karanci ayyukan wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, waɗanda suka riga ta koyar da irin waɗannan yara ta hanyar taɓawa da gani. A ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe makarantarta ta farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, domin 'ya'yan ma'aikata da iyayensu ke fita neman abinci su bar su suna gararamba. Ku riƙe wannan, domin a garuruwanmu yau sunan Montessori ya zama tambarin makarantun kuɗi. Kowace unguwa ka shiga sai ka ga allo ɗauke da shi, wasu da gaskiyarsu, wasu kuwa ko ƙwayar dutse ɗaya ba su da ita a aji. Alhali abin nan a cikin 'ya'yan marasa hali aka fara shi.

Kayan iri biyu ne. Na farko 'yan gajerun sanduna ne na waya, kowace an jera mata duwatsu an lanƙwasa bakinta don kada su zube, kuma kowane adadi da launinsa. Ɗaya ja ne, biyu kore, uku ruwan hoda, huɗu rawaya, biyar shuɗi mai haske, shida shunayya, bakwai fari, takwas ruwan ƙasa, tara shuɗi mai duhu. Idan aka jera su daga ƙarama zuwa babba sai su ba da siffar matakala, kuma duwatsu 45 ne kacal a cikinta. Na biyu duk launi ɗaya ne, ruwan zinari: ƙwaya ɗaya sake, sai sanda mai ƙwaya goma, sai sanduna goma da aka haɗa suka zama allon ɗari, sai alluna goma da aka ɗora kan juna suka zama dunƙulen dubu. Yaro ya ɗauki ƙwaya ɗaya da 'yan yatsu biyu, sannan ya ɗauki dunƙulen nan da hannu bibbiyu ya ji nauyinsa. A takarda, bambancin 1 da 1,000 sifiri uku ne, abin da ido ba ya ba muhimmanci. A hannu kuwa ba sai an yi masa bayani ba.

To yaya ake tarawa da su? A shimfiɗa ɗan ƙyalle mara zane a kan tabarma, don kada duwatsu su gangara. Uwa ta ɗauko sandar uku ta ajiye, ta ɗauko ta huɗu ta jona a bakinta, ta ce, "Ga uku, ga huɗu, mun haɗa su. Ƙirga mini." Yaro ya bi su da yatsa ko da tsinke har bakwai. Sannan ya nemo farar sandar nan ta bakwai ya kwantar da ita a gefe. Idan tsayi ya zo ɗaya, amsa ta yi. Idan bai zo ba, idonsa ya riga ya gaya masa, ba sai Umma ta ce "ka faɗi" ba. Wannan shi ne babban sirrin kayan: su ne ke yi wa yaro gyara. Bayan an yi haka kwanaki, za ku lura da wani sauyi. Da farko yaro yana ƙirga komai daga ɗaya. Wata rana sai ya dubi sandar rawaya ya ce "huɗu" ba tare da ya taɓa ta ba, ya ci gaba da "biyar, shida, bakwai." Ranar da kuka ji haka, an tsallake wani babban kogi, ko da shi kansa bai sani ba.

Daga nan sai neman abokan goma. A ajiye sandar zinari, a ce ya nemo sanduna biyu da za su cike tsayinta. Zai gano tara da ɗaya, takwas da biyu, bakwai da uku, shida da huɗu, biyar da biyar. A makarantun Montessori akwai wasan da ake kira wasan maciji, inda ake jera sanduna masu launi a yi doguwar igiya mai lanƙwasa, yaro yana ƙirgawa, duk inda ya kai goma sai ya cire masu launin ya maye gurbinsu da sandar zinari, har macijin ya sake fata. Yara suna son sa ƙwarai. Ku kuwa abin da kuke so shi ne waɗannan ma'aurata biyar su zauna masa daram, domin duk wanda kuka gani yana lissafi da ka cikin sauri, a kansu yake takawa. Idan aka ce masa takwas da biyar, ba ya ƙirga yatsu. Yana ɓallo biyu daga biyar ya cike goma, saura uku, goma sha uku. Kuma ina ba da shawarar a yi wannan da Hausa, ko da yaron da Turanci ake koyar da shi a makaranta, saboda idan ya ce "goma sha uku," bakinsa ya faɗi ainihin abin da ke gabansa a kan ƙyalle: ga sandar goma, ga ƙwaya uku.

Yanzu mu zo kan inda nake son mu daɗe, wato wurin da yara da yawa ke rabuwa da lissafi rabuwa ta har abada. Duk wanda ya yi firamare ya san wannan karatun: 27 a tara da 15. Bakwai da biyar goma sha biyu, rubuta biyu, ka riƙe ɗaya. Wane ɗaya? Daga ina ya fito? Me ya sa idan aka kai shi gidan gaba yake haɗuwa da biyu da ɗaya su zama huɗu? Yawancinmu ba a taɓa gaya mana ba. Mun haddace umarnin, mun ci jarrabawa, mun wuce. Wanda haddarsa ta kuɓuce kuwa sai ya rubuta 312, wato ya tara biyu da ɗaya ya sami uku, ya tara bakwai da biyar ya sami goma sha biyu, ya jera su gefe da gefe. Malamai sun san wannan amsar sarai. Kuma idan ka duba, yaron bai yi ganganci ba, ya tara komai daidai. Abin da bai sani ba shi ne, wannan "ɗaya" da ake cewa a riƙe, goma ce.

Ga yadda lissafin yake a kan ƙyalle. Yaro ya ɗauko sandar goma biyu da ƙwaya bakwai, 27 ke nan. Yayarsa ta ɗauko sanda ɗaya da ƙwaya biyar, 15 ke nan. A tattara ƙyallen a haɗa kayan wuri ɗaya, don ya gani da idonsa cewa tarawa haɗa dukiya ce. Sai a ware, sanduna gefe, ƙwayoyi gefe, a fara ƙirga ƙwayoyi. Doka ɗaya ce a wasan: ƙwaya sake ba ta kai goma ta zauna. Da an kai goma sai a tsaya, yaro ya dunƙule su a hannu ya tafi wurin mai canji. A makarantun Montessori banki ake kiran wurin. A gida kuwa Baba ne zai zauna da kwanon sanduna a gabansa, ya zama ɗan canji na 'yan mintoci. Yaro ya miƙa ƙwaya goma, Baba ya ƙirga a gabansa, ya ba shi sanda ɗaya. Ya dawo ya ajiye ta cikin 'yan uwanta. Sanduna sun zama huɗu, ƙwaya biyu ta rage: 42. Wannan sandar da ya tashi da ƙafarsa ya karɓo, ita ce "ɗayan" da ake riƙewa. Yaron da ya yi wannan zirga-zirga sau da yawa, ranar da malami ya rubuta ɗan ƙaramin 1 a saman layi, zai gane tsohon sani ne.

Abin da zai ba ku mamaki, da irin waɗannan kaya ɗan shekara biyar yana iya tara 1,234 da 2,143 ya sami 3,377 tun bai iya riƙe fensir da kyau ba. Ba wani abin al'ajabi a ciki, domin a kowane gida ƙirgar ba ta wuce tara ba. Sai dai ba na son iyaye su mai da wannan sabuwar bajintar nuna wa Kawu.

Wani zai ce wannan ai dabarar Turawa ce. Kayan dai nasu ne, amma tara abu tsibi-tsibi don a san adadinsa tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Katsina da Kano a farkon 1851, lokacin wuri ne kuɗi. Ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga shi: ba a jera shi a zare kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen bakin teku, sake yake, ana jan sa biyar-biyar da yatsu, ana tara tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Wuri ashirin hauya ce, ɗari zangu, dubu ashirin kuwa keso guda. Yaron da ya tashi a gindin mai wannan ƙirga, adadi a gabansa yake zube. Ku kwatanta da yaronmu na yau a Najeriya. Kwabo ya ɓace, sulalla ba mai karɓa, naira biyar da goma da ƙyar suke sayen wani abu. Kuɗin farko da ake aikensa da shi takarda ce guda ɗaya da ake kira ɗari biyu ko ɗari biyar. Ya san sunan ɗari biyar bai taɓa ganin abu ɗari a jere ba. A Nijar kuma ga wani lauje cikin naɗi: ana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala faran biyar, don haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa, a baki dala ashirin ne. Babba ya saba, yaro kuwa sai an zauna da shi.

Na san akwai mai cewa, 'yar talla fa? Ga ta nan ba ta shiga aji ba, amma ba ka isa ka cuce ta a canji ba. Gaskiya ne, kuma an taɓa bincika irin wannan. A 1985 wasu masana suka buga sakamakon aikin da suka yi da 'yan yara kaɗan masu sayar da kwakwa da makamantanta a titunan birnin Resife na ƙasar Brazil. A wurin ciniki kusan duk lissafin da aka jefa musu sun ci. Da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda, tsurar lambobi, ko rabi ba su ci ba. Ashe lissafin hannu da na takarda suna iya zama a kai ɗaya ba su gaisa ba. Aikin duwatsun nan shi ne su haɗa su. Shi ya sa duk adadin da yaro ya gina a kan ƙyalle, a ajiye katin lambarsa a gefe, ko a rubuta ta da gawayi a ƙasa. Idan an bar duwatsu su kaɗai, an yi wasa mai daɗi, amma ba a kai gaci ba.

Maganar tsada kuwa, cikakkun kayan da ake shigowa da su daga waje ba na kowane aljihu ba ne, kuma ba dole ba ne. A Kasuwar Kurmi da ke Kano, da wurin masu kayan ado a kowace babbar kasuwa, ana samun duwatsun roba masu arha. A nemi masu girma ɗaya, a sami waya siririya da filaya, a zauna da yamma a jera. Matakala biyu, duwatsu 90, da sandar goma kamar guda ashirin, da ƙwayoyi sake cikin gwangwani, sun isa shekara guda ana aiki. Launukan Montessori ba wahayi ba ne. Abin da ake bukata, launin da aka ba biyar yau ya zama shi ne na biyar gobe. Dunƙulen dubu ana iya haƙura da shi. Wanda ko wannan bai samu ba, ya yanka tsinken tsintsiya ko kara daidai-wa-daida, ya ɗaure goma-goma da roba. Da ɗaurin tsinke irin wannan ƙungiyar Pratham ta Indiya take koyar da lissafi a shirinta na koyar da yaro daidai matakinsa, shirin da ya iso wasu makarantun gwamnati a Kano da Borno. Ɗauri ma yana da wata falala da sandar waya ba ta da ita: ana kwance shi, abin da zai yi amfani ranar da aka zo ɗebewa. Carbi dai a bar wa Kaka abinta. Ban da girmamawa, shi a talatin da uku-uku aka raba shi, ba a goma-goma ba.

A nan dole in ja kunne. Dutsen ado da yaron da bai kai shekara uku ba, ba sa zama wuri ɗaya. Zai kai baki ya shaƙe, ko ya cusa a hanci ko a kunne, kuma gidajenmu cike suke da masu rarrafe. A yi wasan babba yana zaune, a ƙirga kayan kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe gwangwani, a ɗora inda ƙaramin hannu ba ya kaiwa. Idan kuwa wani abu ya shige hanci ko kunne, kada a bi shi da tsinke, a tafi asibiti. Masu son amfani da 'ya'yan itace, ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya sun wadatar. Amma idon zakara, jan nan mai ɗigon baƙi da ke ɗaukar idon yara, guba ne mai kisa idan aka tauna. Haka ma 'ya'yan zurma. Kada kyansu ya ruɗe ku.

Sai abin da ya fi wuya, wanda ba a sayar da shi a kasuwa: babba ya iya kame bakinsa. Montessori ta nace cewa mai koyarwa ya nuna a hankali, da 'yan kalmomi kaɗan, sannan ya janye hannu. Mu kuwa yaro na cikin ƙirga, ya ɗan yi jim, sai mu ce, "Takwas mana! Kai ba ka gani?" Shi ke nan, an ƙwace masa abin da ya kusa kamawa da kansa. Minti goma cikin raha ya fi awa guda da bulala a gefe. Idan ya tara sandunan ya ce gida zai gina, a bar shi yau, gobe ma rana ce. Kuma a zaunar da mace kamar yadda aka zaunar da namiji. Yarinyar da ake amince wa da kuɗin cefane, ba ta rasa kan lissafi ba.

Shin akwai shaidar cewa hanyar tana aiki? A 2006 mujallar Science ta buga binciken Angeline Lillard da Nicole Else-Quest a birnin Milwoki na Amurka. Sun kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a wata makarantar Montessori da waɗanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansu ba, suka tarar 'yan shekara biyar na makarantar sun fi takwarorinsu a lissafi da shirin karatu. Amma a yi adalci: makaranta sukutum aka auna, da horarrun malamanta, ba gwangwanin duwatsu ba. Duk mai tallar kaya da ya ce muku kayansa kaɗai za su mai da ɗanku gwani, cinikinsa yake nema.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, yaushe za a ajiye duwatsun? Masanin nan Jerome Bruner ya tsara matakai uku a shekarun 1960: yaro ya fara da abin da yake taɓawa, ya koma hoto, sannan ya kai ga tsurar lamba. A kan wannan tsari ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafi a makarantunta na firamare. A gida, ma'anarsa ita ce bayan duwatsu yaro ya riƙa zana dogon layi a madadin sandar goma, ɗigo a madadin ƙwaya, daga baya ya bar zanen ma. Ba a sa wa wannan rana. Alamar ita ce, ka ba shi 38 da 24, ya rubuta 62 hannunsa bai je gwangwani ba, ka tambaye shi ina ya samo shidan nan, ya ce maka takwas da huɗu sun ba da goma guda da ragowar biyu, sai ya kai goman wurin sauran biyar ɗin. Idan ya yi wannan bayani da bakinsa, a wanke duwatsun a ajiye wa ƙanensa. Idan kuwa bayan wata biyu aka shiga lissafin ɗaruruwa ya rikice, a sauko da gwangwanin, Baba ya koma teburin canji.